Wa Ya Zaɓa wa Hairat Mota

Hyattsville, Maryland,
9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga abokina Yashim,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Mama Irene da yara da jikoki. Yaya gwiwar taka? Yaya ruwan bana a Kafanchan? Ni ma da sauƙi, sai dai ƙafafu da suka ƙi, da kunnen hagu da ya yi ritaya bai sanar da ni ba. Kamar kullum, da hannu na rubuta, zan ɗauki hotonta in turo ta wayar jikarka Lizzy. Amma wannan karon ka sa tabarau ka karanta da kanka.

Autata Hairat ta sami aikin jinya a wani asibiti a garin Portland, can ɗaya bakin ƙasar nan. Nisan ya kusa Legas zuwa Maiduguri sau uku. Na yi mata murna, Allah ya sani, ko da yake tun rasuwar mahaifiyarta Zara muryarta kaɗai ce a gidan nan. Ta ce idan ta sami wuri, sanyi ya wuce, za ta aiko in bi ta a jirgi.

Ita kuwa a mota za ta tafi, da kayanta, da ƙawarta Umaima, su riƙa karɓar tuƙi. Ba ta taɓa mallakar mota ba, jirgin ƙasa take bi zuwa aiki. Yanzu tana neman tsohuwa mai araha wadda za ta jure kwana biyar a hanya.

To, Yashim, kai ne shaidata. Tare muka shiga makarantar koyon sana'a a 1963. Shekara talatin da ɗaya na yi a garejin gwamnati a Kaduna. Fijo nawa na tayar bayan an yi mata salla? Duk duniya abu ɗaya na sani wanda zan iya ba yarinyar nan, shi ne mota. Amma ba ni ta tambaya ba. Boubacar ta tambaya.

Boubacar maƙwabcinmu ne, mutumin Maraɗi, direban tasi, ɗakinsa na ƙarshen barandarmu. Na girme shi da shekara ashirin. Matarsa Hajjo kan aiko min da tuwo, ba zan ɓoye alheri ba. Shekaranjiya na leƙa na same su a bakin ƙofa, shi da Hairat, kai a haɗe suna duba hotunan motoci a waya. Tana ce masa Baba Boubacar. Baba! To ni fa, kawu?

Da na yi magana sai ta ce ai ba ta so in wahala ne. Na ce mata ranar Asabar ko a kan gadon asibiti ne sai an tafi da ni duba motar. Boubacar ya yi murmushi ya ce ai da ma ba a yi sai da ni. Murmushin nan nasa ya fi komai ƙona min rai.

Ka gai da Mama Irene. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Abdulmumin.

Hyattsville,
15 ga Satumba, 2024.

Yashim abokina,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ga amsarka. Ka ce kishi nake yi kamar yaron da aka yi wa ƙane. Na ji, amma saurari yadda ta kaya jiya.

A tasin Boubacar muka tafi. Ni a gaba, sandata mai ƙafa huɗu a but. Na sa tsohon sukundirebana a aljihu, mai jan mariƙi, wanda ka sani.

Mota biyu muka gani. Ta farko a Germantown, wadda Boubacar ya fi so. Wallahi kunya ta kama ni. Fentin ya ƙoƙe kamar bayan jaki, rana ta farfasa kujerun, wai duk rayuwarta a Texas ta yi. Boubacar ya ciro wani ɗan akwati kamar na ashana ya soka a ƙarƙashin sitiyari, ya tsaya yana karanta waya. Wai akwatin ne zai gaya masa ciwon motar. Hairat na tsaye a gefensa tana gyaɗa kai kamar ana karanta mata tafsiri. Ni ko kallona ba ta yi ba.

Ta biyu a Upper Marlboro, wurin wani Bature mai suna Raymond da ya taso daga Buffalo, can arewa wurin ƙanƙara. Motar koriya ce shar, tana sheƙi, kujeru kamar ba a taɓa zama ba, kuma ta fi waccan araha. Nan na ce kowa ya matsa. Na sa aka buɗe bonet aka tayar. Na ja baƙin mai na murza a yatsa, na shinshina. Na sa Hairat ta taka totur na duba hayaƙin salansa. Sa'an nan na ɗora bakin sukundireba a kan inji, na manna mariƙin a kunnen dama, yadda aka koya mana. Yashim, injin nan tafiya yake kamar agogo. Ko tari babu.

Raymond ya ce rabonsa da ganin mai yin haka tun kakansa. Hairat ta ɗauke ni hoto. Ka ji? Ni ta ɗauka hoto, ba akwatin ashana ba.

Duk wannan lokaci Boubacar yana kwance a ƙasa, rabin jikinsa a ƙarƙashin motar, babban mutum da riga mai tsabta. Da ya fito na ce koriyar za a saya, na gama magana. Hairat ta dube shi. Ya kaɗe rigarsa, ya sunkuyar da kai, ya ce abin da babba ya gani shi ke nan. Aka tsayar da magana ranar Laraba za ta zo ta ɗauka.

A hanyar dawowa ni kaɗai nake ta hira. Rabon da in ci abinci kamar na jiya har na manta.

A gai da kowa da kowa.

Naka,
Abdulmumin.

Hyattsville,
22 ga Satumba, 2024.

Yashim,

Ina gaisuwa. Ina fata jikin Mama Irene ya yi sauƙi. Wannan takarda kada ko Lizzy ta gani. Idan ka karanta ka sa a goge.

Ranar Litinin da hantsi, Hairat na wurin aiki, Boubacar ya yi sallama. Ya tuɓe takalmi, ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa gabana. Ya daɗe yana gaisuwa, sa'an nan ya miƙo min waya. Hoton ƙarƙashin koriyar mota ne.

Yashim, tsatsa ta cinye ta. Ƙarafan da mota ke zaune a kai sun zama kamar ɓawon gurasa. Bututun birki ya kumbura, saura kaɗan ya huje. Ya ce da yatsa ya danna wani wuri, yatsan ya shige.

Ashe a ƙasashen ƙanƙara gishiri suke zuba wa titi duk lokacin sanyi, shi ke cin mota ta ƙasa, sama tana sheƙi. Shi ya sa ya so ta Texas mai munin nan, don ba ta taɓa taka gishiri ba. Shekara tara ina ƙasar nan, ina ganin farin abu a titi ta taga, ban taɓa haɗa shi da mota ba. Mu a Kaduna inji ne ke mutuwa ya bar jiki. Wa ya taɓa leƙa ƙarƙashin Fijo neman tsatsa? Kuma ko da na tuna, da wace gwiwa zan durƙusa?

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun a can. Ya ce ba a gyara wa babba magana a gaban 'yarsa da baƙo. Ya ce shi ma da uba ya tashi.

Sa'an nan ya kawo shawara. Wai in ce wa Hairat ni na gano. In ce lokacin da na ƙwanƙwasa gefen motar da sandata ban ji daɗin ƙarar ba, abin ya tsaya min a rai, shi ne na aike shi ya koma ya ɗauko hoto. Ya ce shi bakinsa alekum.

Da namiji ne ni, da na ce a'a. Na karɓa, Yashim.

Da ta dawo na shirya mata labarin, har da ƙari. Ta dubi hoton, ta riƙe baki. Ta durƙusa ta riƙe hannuna ta ce da ba don ni ba da ta kashe kanta da 'yar mutane a kan dutse. Ta ce ta yi kuskure da ta tsallake ni tun farko, in yafe mata. Na ce na yafe. Ka ji rashin kunya.

An sayi ta Texas. An kai ta wurin binciken da hukuma ke sa a yi, ta wuce, birki kawai aka sake. Duk wanda ya tambaya sai Hairat ta ce babanta ne ya hana ta sayen makara.

Ka ɗauka na sami abin da nake so. To, ban samu ba. A da ina jin haushin Boubacar don ya san abin da ban sani ba. Yanzu ga shi ya fi ni sani, ya kuma fi ni hali. Duk sanda muka haɗu a baranda ya rusuna ya gaishe ni, ji nake kamar in kwaɗa masa sandar. Tuwon Hajjo ma ya daina wuce min.

Ranar Asabar za su tashi. Ka sa su a addu'a a cocinku, hanya ba ta da addini.

Naka,
Abdulmumin.

Hyattsville,
6 ga Oktoba, 2024.

Abokina Yashim,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da iyali. Na gode da addu'a. Sun sauka lafiya, Alhamdu lillahi. Amma bari ka ji abin da ya faru a rana ta huɗu ta tafiyar.

Wajen ƙarfe goma na safe waya ta yi ƙara. Hairat ce. Suna jihar Wyoming, sun yi sammako, sun tsaya a gefen hanya, ba gari ba gida, sai iska da manyan motoci. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, mai siffar tukunya da alama a tsakiya. Ta turo hoto. Ta ce Umaima ta ce a kira Boubacar, ita kuwa ta ce a'a, babanta ne ya san motar nan. Tambayarta ɗaya ce, su ci gaba ko su tsaya.

Na kalli hoton. Ban taɓa ganin wannan fitila ba. Motocin da na sani fitila biyu gare su, ta mai da ta batir.

Ba zan yi maka ƙarya ba, har na buɗe baki zan ce ba komai, su ci gaba a hankali. Maganar ta zo kan harshena. Sai na ji wata babbar mota ta wuce su ta cikin wayar, har muryar yarinyar ta ɓace. Na ce mata kada ta kashe.

Daga ƙofata zuwa ta Boubacar ba nisa, amma rabona da in yi tafiyar ni kaɗai tun bara. Na sa wayar a aljihun gaba, na kama sanda. Sau biyu ina tsayawa in jingina da bango, ita kuwa tana ta kira daga cikin aljihu, Baba, Baba, kana ina. Allah ya taimake ni bai fita aiki ba tukuna.

Da ya buɗe ya gan ni ya gane. Ya yi min alama da hannu, wai zai raɗa min amsar in faɗa mata. Har a lokacin yana son ya rufa min asiri. Na ciro wayar na ce, Hairat, ban san fitilar nan ba. Tsatsar ma ba ni na gano ba, Boubacar ne, ni koriyar na zaɓa miki. Na miƙa masa.

Ashe fitilar iskar taya ce. Ya sa su zagaya su duba ɗaya bayan ɗaya. Ta baya ta dama ta yi laushi, ƙusa ta taka. Da sun ci gaba da gudu a haka, Allah kaɗai ya san ƙarshen. Ya bi da su ta waya har suka sa safaya, ya nemo musu mai faci a gari na gaba. Kusan awa guda suna yi. Ni ina zaune a kujerarsa, Hajjo ta ajiye min shayi, ina sauraron 'yata tana cewa to Baba, na gane Baba, an gama Baba. Ba da ni take ba.

Har yau ba ta tayar min da maganar ba. Da suka isa ta kira, ta tambayi ƙafata, ta tambaya ko ina shan magani, ta ce garin akwai ruwan sama kamar Kafanchan. Na so ta yi min faɗa, ba ta yi ba.

Yanzu kullum da la'asar Boubacar kan zo ya raka ni ɗakinsu, wai likita ya ce in riƙa motsa ƙafa. Hairat ta gane lokacin, sai ta kira wayarsa ta same mu tare. Da shi take farawa, mota kaza, taya kaza, sa'an nan a miƙo min. Akwai agogo a bangon falon nasu. Jiya ta yi minti goma sha ɗaya da shi, ni bakwai.

Kada ka yi min wa'azi, na riga na yi wa kaina. Ka gai da Mama Irene da Lizzy da sauran jikoki. Allah ya sa mu gana da alheri.

Naka har kullum,
Abdulmumin.