Sarƙa Biyu a Tsakar Ɗaki

Hayyus Sabi', Alƙahira

Zuwa ga Yaya Sabuwa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ki gaishe ta, ki ce mata ina nan lafiya. Nauyin jikin nan da na gaya miki kuwa da sauƙi, amai ya tsaya, sai kwaɗayin yakuwa da ba a samu a garin nan.

Yaya, wani abu ke damuna, ke kaɗai zan iya gaya wa. Kin san alkawarin da maigidana Malam ya yi wa Inna ranar da za mu taho, cewa haihuwar fari a ɗakinta zan yi, ita za ta yi mini wankan jego da hannunta. To karatunsa ya ƙare, takardar shaida ta fito, amma maganar komawa gida shiru kake ji. In na taɓo zancen sai ya ce insha Allah, ya jawo wata hira.

Ana cikin haka sai ga shi da wata ƙatuwar a-kori-kura, an ɗora mata ɗaki a baya, da taga da ƙofa har da ɗan tsani. Wai ta wani dattijo Baturke ce da ya zo yawon ganin ƙasa, ciwo ya kama shi ya koma ta jirgi, ya bar wa Malam ajiya. Na ce to. Ba a jima ba ya shigo da buhuna biyu yana nishi, ya zazzage su a tsakar ɗaki. Sarƙoƙi ne, Yaya. Guda siririya kamar igiyar shanya, guda kuma mai kauri irin wadda ake ɗaure ƙofar gareji da ita. Wai naɗa su ake yi a taya don kada mota ta zame a kan dusar ƙanƙara. Ya aro su ne daga wani mai kayan mota a kasuwar Taufiƙiyya, zai zaɓi guda ya mayar da guda.

Ƙanƙara a Alƙahira? Ni dai tunda na zo, a firji kawai nake ganinta. Da na tambaya sai ya ce ai a dutsen Sina'i tana sauka da hunturu, mai motar yana so a kai wasu baƙinsa ziyara. Ya faɗa yana kallon sarƙar, bai kalle ni ba. Kin san shi, mutumin da ba ya iya ɓoye ko ƙosai ya ci a hanya. Ruwa ba ya tsami banza.

Kada ki gaya wa Inna komai tukuna. Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Nana Khadija

*

Hayyus Sabi', Alƙahira

Yaya Sabuwa,

Sallama da gaisuwa. Na ga saƙonki, na gode da addu'a. Ina fatan zazzaɓin auta ya sauka. Kin ce in kwantar da hankalina, maza haka suke da kayan ƙarfe kamar yara da kayan wasa. Da ma haka ne.

Har yau sarƙoƙin nan suna tsakar ɗaki, na yi tuntuɓe da su har na gaji. Kullum bayan la'asar sai ya tsuguna a gabansu, ya ɗaga wannan ya ajiye, ya ɗaga waccan. Ya sauka ya karanta lambar da ke jikin taya, ya hau, ya sake sauka. Shekaranjiya ya shimfiɗa mai kaurin a titi yana koyon naɗawa, rana na dukansa, gumi sharkaf. Mai gadin gidanmu ya jawo kujera ya zauna yana kallo da kofin shayinsa, masu wucewa suna dariya. Ni ina taga, kunya kamar in nutse.

Kin tuna Widad, maƙwabciyata 'yar Sudan da kakanninta Hausawa ne? Yayanta Tarig bakanike ne, shi ke duba motar. Na sa ta bugi cikinsa. Ya ce mata tafiyar Sina'i ba ta bukatar wannan wahala, ƙanƙarar can ba ta daɗewa a kan hanya. Ya ce siririyar tana isa in ɗakin bayan ba kaya a ciki. Mai kaurin kuwa ta mota ce da aka danƙara wa kaya, don nauyin duk a tayoyin baya yake sauka, siririya tsinkewa za ta yi a hawan dutse. Ya kuma ce Malam ya tambaye shi hanyoyin gabashin Turkiyya. Daga nan ya ja bakinsa, wai shi ba ruwansa.

Turkiyya, Yaya. Nan da nan Abdurrahim ya faɗo mini a rai, abokin karatunsu da ya ce wa matarsa zai je Iskandariyya ya dawo, sai daga ƙetaren teku ta ji muryarsa. Har yau matar tana nan unguwar Darrasa tana sayar da dambun nama ga ɗalibai. Na buɗe jakar takardunmu, fasfo ɗinsa ba ya ciki. Nawa ma ba ya ciki, wannan kuma na rasa fassararsa. Ko dai yana shirin saka ni a jirgi ne ya aika wa Inna kamar saƙo, shi ya kama gabansa?

Kuma wane kaya ne zai loda da har yake tunanin mai kauri? Littattafansa ba su kai haka ba. Ina ganinsa yana shiga ɗakin motar da ledoji, ya kulle, makullin ya koma aljihun jallabiya. A gida kuwa sai kirki ya ƙaru, shi ke wanke-wanke, shi ke sayo burodi. Wannan kirkin shi ya fi ba ni tsoro. Ina jin haushinsa, kuma wallahi ina tsoron rasa shi, duka biyun a lokaci guda.

Ki ci gaba da yi mini addu'a. Inna dai kada ta ji.

Taki,
Nana Khadija

*

Hayyus Sabi', Alƙahira

Yayata Sabuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Inna da kowa da kowa. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ranar Juma'a ya canza jallabiya ya tafi masallaci, makullin yana aljihun wadda ya cire. Na ɗauka, ban kuwa ji kunya ba. Na hau ɗan tsanin nan da ƙyar na buɗe ƙofa.

Abin da na fara gani tukunya ce, babba, irin ta dafa ruwan wanka. Kusa da ita tukunyar gas. Buhun busasshen ganyen darbejiya, ban san inda ya samo shi a Masar ba. Ƙullin kanwa, gero, kayan yaji. Barguna, rigar sanyi ta mata daidai jikina, da wasu 'yan huluna na ulu da ko dunƙulen hannuna ba za su shiga ba. Na zauna a bakin gadon ina riƙe da hula guda, a nan ya dawo ya same ni.

Bai yi musu ba. Ya ce maganar Sina'i ƙarya ce, ya nemi gafara. Dattijon nan Baturke mai motar yana da makaranta a wani gari cikin duwatsun gabashin Turkiyya, ya ba shi aikin koyar da Larabci da Alƙur'ani, da gidan zama. Fasfunanmu suna wurin neman biza, nawa da nasa. Za a tsallakar da motar ta jirgin ruwa, a same ta a can, sai tuƙi cikin hunturu. In ya kama aikin ba zai samu hutu ba sai shekara ta zagayo. A gida kuwa kin san babu abin da ke jiransa.

Ya ce abin da ya hana shi zaɓar sarƙa ke nan. In siririya ce, shi kaɗai zai tafi da mota ba kaya, ni in taho wurin Inna, ya cika alkawari, amma ba zai ga abin da zan haifa ba sai yana rarrafe. In mai kauri ce, da ni da kayan ɗakina duka. Ya kasa tambayata don yana tsoron amsar, ya kuma kasa daina sayen kayan jego. Na yi masa faɗa sosai, Yaya. Na ce ya bar ni ina zarginsa da gudu, ina kwana da baƙin ciki da ciki a jikina. Ya sunkuyar da kai, ya ce duk wadda na nuna ita zai ɗauka, shi ke nan.

Na yi istihara, na yi kuka na ƙoshi. Jiya na sa ƙafa na tura masa siririyar, na ce ya mayar wa mai ita.

Ashe ba ni za a bari ba, Inna zan bari. Na san ta riga ta sa an tara itace a bayan ɗaki, kin gaya mini. Ba zan iya faɗa mata da bakina ba. Ki je da kanki, ki bari ta idar da salla ta ci abinci, sannan ki gaya mata. Ki ce laifin nawa ne, ni na zaɓa, kada ta riƙe Malam a zuciya.

In ta huce, ki roƙar mini ita abu guda. Ta faɗa miki yadda ake wankan tun daga farko, zafin ruwan, yadda ake kaɗa ganyen, da yawan kanwar kunu, ke kuma ki ɗauki muryarta a waya ki turo mini. Malam ne zai dafa ruwan. Ina so in riƙa kunna muryar ina wankan.

Ki yafe mini, ita ma ta yafe mini.

Ƙanwarki mai kewarku,
Nana Khadija