Agogon 1954 da Gidan Mafara

Da sunan Allah. Ni Tukur, ma'aikacin noman rani a Bakolori, na rubuta wannan da hannuna a Talata Mafara, cikin hankalina, a watan Janairun 1980. Likita ya ce hantata ta kumbura, za a yi mini aiki a Zariya. Taibatu da Abdulwahabu, kun yi ƙanƙanta. Uwarku Saratu za ta ajiye muku har ku iya karatu.

Na ɗaya. Agogona na Abdulwahabu ne, a matsayin kyauta tun ina raye. Siriri ne, mai baƙar fata, irin wanda ake wanawa ne. A wana shi da safe, kada ruwa ya taɓa shi.

Dole in faɗi yadda na zaɓe shi, don sauran maganar daga nan ta fito. Da na gama jami'a bara, na so in sayi agogon da aka ƙera a shekarar da aka haife ni. Wani Baturen kanikanci da zai bar aikin dam yana sayar da guda biyu, na 1954 da na 1956. Takarduna sun ce 1956, amma hedimasta ne ya ƙiyasta, da ya sa na zagaya hannu bisa kai na taɓa kunne. Ba na son ƙiyasi. Na tambayi Inna, ta ce ta manta. Sai na je rumfar Gwadabe mahauci, wanda ya feɗe ragon sunana. Ya ce shekara biyu ne kafin zuwan Sarauniya, wato 1954, don haka na 1954 na saya. Ya ƙara da cewa a Damaga aka yi sunan, a gidan marigayi Ɗan Asabe, mijin Yaya Kaltumi. Ya ɗauka na sani.

Na sake tambayarsa. Na tambayi wasu tsofaffi a Maradun. Magana ɗaya ce. Har yanzu idan na rubuta ta sai in tsaya in sake karantawa.

Na biyu. Kaltumi, wadda na tashi ina kira Yaya, ita ta haife ni. Ni ne ɗan farinta, aka yaye ni aka ba Inna riƙo. Inna kakata ce, mijinta marigayi Magaji kakana. Sunan mahaifina Ɗan Asabe. Takarduna ba za su gyaru ba, amma ku san asalinku.

Na uku. Gidan nan da muke ciki na Magaji ne, kuma ba a taɓa raba gadonsa ba. Na zauna ciki ina jin ɗa ne ni. Ɗan 'ya ba ya da kaso a nan, don haka ba ni da ko bango, ku ma haka. A kira malamai su raba wa masu haƙƙi. In sun bar ku ku zauna, alheri ne, ku gode. In ba su bari ba, Saratu, kada ki kai kowa ƙara.

Na huɗu. Saɓanina da Yari ɗan Kaltumi a kan ɗakin zaure, tun da ruwan dam ya ci gonarsu suka taso, ya ƙare. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ku kira shi Baffa.

Na biyar. Ba wanda ke bina bashi. Littattafaina na Taibatu ne. Kada a yi wa Inna faɗa. Ta riƙe ni da gaskiya.

Na je na durƙusa gaban Kaltumi ranar Juma'a. Ta juya fuska bango, ta tambayi lafiyar yara kawai. Kunyar ɗan fari ce. Sai yanzu na gane ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce, kuma kada ku matsa mata. In na rasu, watakila ba za ta yi kuka a gaban mutane ba. Ku je kusa da ita duk da haka.

Allah ya yi muku albarka, ya raya ku cikin imani. Ku riƙe juna, ku riƙe Inna da Yari. Kaltumi kuwa, ku kira ta Kaka da ƙarfi. Ku za ta iya amsa wa.