Masu Jan Ƙyalle

Litinin, 6 ga Oktoba

Ruwa tun asuba. Da irin wanda zai sauko da ƙarfinsa ya ɗauke ne da sauƙi, amma yayyafi ne marar zuciya, ya wuni yana bin mutum. Na tsaya ƙiƙam a ƙofar bas ina jira ta buɗe, ashe sai an danna wani maɓalli. Har muka wuce makaranta. Da ƙafa na dawo, safa sharkaf.

Yau Farfesa ta ba ni aikina. Wake ne iri uku a tukwanen roba, layi biyu, a ɗakin gilashin da ake renon shuka. Masu shuɗin ƙyalle a ba su ruwa kullum. Masu jan ƙyalle kuwa, daga mako mai zuwa ko ɗigo. So ake a ga irin da ya fi jure fari. An haɗa ni da wani ɗalibi, sunansa ya ƙi zama a bakina, na raɗa masa Dogo. Shi ne mai ɗora tukwanen a sikeli, ni ce mai kula da shukar. Farfesa ta ce da wannan aikin za a duba ko zan wuce zango na biyu ko in tattara in koma gida. Na ce to. Me zan ce?

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ɗakin gilashi ne kaɗai inda nake cire rigar sanyi. Ga ɗumi, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. In na shiga har sallama nake yi wa waken, tunda mutanen gidan da nake haya in na gaishe su sai su tsaya suna jiran su ji abin da ya kawo ni.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na kira gida. Baba yana lambu, ina jiyo ƙarar injin ban-ruwa. Da ya ji aikin da aka ba ni dariya ya yi har da tari. “Wato duk jirgin nan da kika hau, lambu kika tafi yi? Da kin faɗa ai da na yanka miki fegi a nan.” Sai kuma ya ce in dinga taɓa ƙasar da yatsa, kada in yarda da ido.

Ban gaya masa zancen jan ƙyalle ba. Mutumin da ko zazzaɓi yake yi sai ya rarrafa ya shayar da shukarsa, ta ina zan fara?

Talata, 14 ga Oktoba

Injin wanki ya mayar da rigar sanyina ta 'yar tsana. Ita ke nan gare ni mai kauri.

Laraba, 22 ga Oktoba

Masu jan ƙyalle sun fara. Da rana ganyen ya langaɓe, da safe ya ɗan miƙe, kullum miƙewar tana raguwa. Dogo murna yake, wai komai na tafiya daidai. Ni kuwa sai in cika bokiti in bi layin shuɗi, in wuce jajayen da ruwa a hannuna. A waje ruwan sama na dukan gilashi ba dare ba rana. Wallahi abin da ciwo.

Asabar, 25 ga Oktoba

Babu kowa a ɗakin yau. Akwai wata 'yar ƙarama a ƙarshen layin jajayen, ta kwantar da kai a bakin tukunya. Rabin kofi na ba ta. Rabin kofi me zai canza?

Da na juya, ta kusa da ita tana kallona. To, ba kallo ba, na sani. Na dai ba ta ita ma.

Talata, 28 ga Oktoba

Dogo ya canza wa sikeli batir. Wai tukwanen da ya kamata su yi ta raguwa nauyi suke ƙarawa. Na ce ikon Allah. Da bakina na faɗa.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Yanzu rufin yake zargi da yoyo. Ya samo tsani ya hau cikin ruwa, ni kuma ina riƙe masa tsanin. Ya sauko yana atishawa yana ba ni haƙuri, wai ya jiƙa min mayafi. Na koma ɗaki na kasa cin abinci. Na yi wa kaina alkawari na daina.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Ban daina ba. Ina tsugune da kofi a hannu aka turo ƙofa. Dogo ne, ya zo duba yoyonsa.

Da zagina ya yi da na ji sanyi. Kifa bokiti ya yi ya zauna a kai, ya daɗe yana kallon takalminsa. Can ya ce, “Matata za ta haihu ƙarshen shekara. Na so in gama kafin nan.” Ban ma san yana da mata ba. Wata guda muna aiki tare, ban taɓa tambayarsa komai ba, ina can ina gaisawa da wake.

Talata, 4 ga Nuwamba

Ofishin Farfesa. Ba ta ɗaga murya ba, matar nan ba ta san yadda ake faɗa a huce ba. Ta tambaye ni dalili. Na ce tausayi suka ba ni. Da na ji maganar a kunnena sai kunya ta rufe ni, mace da digirinta.

Ta ce irin da ya tsira a ɗakin nan shi za a kai wa manoman da rijiyarsu ke ƙafewa, in na yi masa sata a jarrabawa su na cuta. Haushi ya kama ni don gaskiya ta faɗa. Za mu sake shuka daga farko. Bayan Disamba wasu ne da ɗakin, babu karo na uku. Na ajiye mata makullin a tebur, ta turo min shi. “In na karɓe ban san komai a kanki ba,” in ji ta.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Mun zubar da tsofaffin. Kore shar, har wasu sun fara fure. A bola.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Sababbi sun tsiro. Ban yi musu sallama ba. Dogo yana magana da ni, amma ta aiki kawai, kuma duk safiya sai ya tura yatsa a ƙasar jajayen yana zaton ban gani ba. Ba laifinsa.

Tun la'asar duhu yake shiga yanzu. Na sayi wata rigar sanyin a shagon gwanjo, ta maza ce, hannun ya wuce yatsuna.

Litinin, 24 ga Nuwamba

An yanke musu ruwa. Na koyi dabara: in fara layin shuɗi daga ƙarshe, yadda in na iso kusa da jajayen bokitin ya ƙare.

Talata, 2 ga Disamba

Iri biyu sun zube, ɗaya yana tsaye da taurin kai. Dogo ya nuna min zanen awon a kwamfuta, layukan sun rabu tsaf, gwanin kyau. Na ce da ma iri na uku ya yi ya faɗi mu ga tazarar sosai. Sai da na fito na ji abin da na ce.

Ya ba ni rabin lemonsa. Ya ce mace ce za su samu.

Asabar, 6 ga Disamba

Ina cikin ɗakin gilashi Baba ya kira, ta hoto, ƙanina ya haɗa masa. Ya rame ko hasken ne, ban sani ba. Ya ce in nuna masa lambun nawa ya ga ko na gaji hannunsa. Na nuna masa layin shuɗi, ya yi ta sa albarka. Ina juya wayar sai jajayen suka shigo, ganye ya bushe ƙamas ya nannaɗe.

Ya matso da fuskarsa kusa da wayar. Sannan ya ce, “Uwata, waɗancan fa?”

Na fara bayani, fari, iri, manoma. Ban san ko ya ji ba. Ya ce, “Na ƙarshen can da sauran ransa. Ajiye wayar ki je ki ba shi ruwa, ina nan ina jira.”

Na ce to, Baba.

Na kashe wayar. Na ɗora na ƙarshen a sikeli tunda Dogo yana asibiti da matarsa, na rubuta nauyin. Litinin ko Talata zai faɗi, daidai inda muke so. Na kulle ɗakin na kama bas, na dafa abinci na cinye tas.

Ya sake kira ina cikin wanke kwano. Gobe zan kira shi, in Allah ya kai mu.