Keken ɗinki ya dawo gida

Auta,

Na zo ba kya nan, zan koma wurin aiki. Ki buɗe zanen da ke bayan ƙofa. Keken ɗinkin marigayiya mahaifiyarki ne, yau na fanso shi daga jingina wurin mai kanti. Wata goma sha huɗu ina zuwa aiki a ƙasa, kuɗin mota ina jefawa a gwangwani. Kina tsokanata wai har ƙafata nake yi wa rowa. To ga amfanin rowar.

Da mai kantin ya soke sunana a littafin bashi sai ya ce, "Baba, a auna maka sukari zuwa ƙarshen wata?" Na ce bakina ya saba da ɗaci.

Ki sa wa keken mai kafin ki taka. Duk wanda ya kawo ɗinki, kuɗi hannu. Har ni.

Babanki