Kitson Hajo

Yaya Kulu,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigida da ɗiya? Ya zaman Kumasi?

Maƙoƙon nan ya kayar da ni. Likita a Birnin Kebbi ya ce shi ke cinye mini naman kafaɗa da cinya. Hannuna ba ya ɗaguwa balle in yi kitso, in na tsuguna sai an tashe ni.

Da bikin 'yancin kai, matan Argungu duk gun ƙanwarmu Hajo suka tafi kitso, Hajon da na koya wa tsaga. Jiya ta yi mini nawa. Na ɗauki madubi ina neman aibu, ban samu ba. Wallahi wannan ya fi ciwon zafi.

Ki gaida Inna. Ki roƙa mini lafiya, da zuciyar da za ta ce wa Hajo sannu.

Ƙanwarki,
Ige