Jinin Mama Ya Kai Ƙararta

Yaya Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya maigida da yara? Mu nan Narayi lafiya, sai dai kaina a ɗaure yake.

Ranar Talata na kai Mama asibiti a Barnawa. Awon sukarinta ya fito daidai, har ta fara gode wa Allah. Sai likita ya jawo takardar wani gwajin jini mai nuna sukarin watannin baya, ya ce akwai alamar sukari yana cin jijiyoyinta daga ciki, kamar yadda tsatsa ke cin bututun ruwa. Wai shi ya sa yatsun ƙafarta ke sanyi. Na ce, "Likita, sukarin da ya sauka?" Sai ya tambaye ta abin da take ci. Ashe kwana uku kafin ranar asibiti takan koma acca da miyar shuwaka, don kada likita ya yi mata faɗa. Sauran kwanakin kuwa shayi da burodi! Ni duk zatona marmarin accar take yi.

A cikin keke ta ce, "Wato jinina ne ya kai ƙarata?"

Yaya, ke ce nas. Tsatsar nan tana fita, ko ƙafar za ta bi ta Kawu Audu da aka yanke? Na kasa tambaya a gabanta. Ki rubuto mini gaskiya, ni kaɗai.

Ku sa ta a addu'a, ki gaida kowa. Ita ma tana gaishe ki, ta ce lalle in faɗa miki sukarinta ya fito daidai.

Ƙanwarki,
Saratu