Kodin ɗin Lailatu

'Yata Lailatu,

Gaisuwa daga Jidda. Ya mamanki da mutanen Limawa? Ni lau nake, buhunan kasuwa ne dai suke ƙara nauyi.

Da kika ce za ki karanci kodin, na zaci maganin tarin 'yan shaye-shaye ne, abinci ya gagare ni. Ashe lamba ake ba kowace cuta a takardun asibiti. Yanzu kuma wai in zaɓa miki satifiket, na majinyatan da aka kwantar ko na masu zuwa su tafi. Ni ɗan aji huɗu? Ɗauki wanda zai ba ki aiki a Minna, kada ki yi nisa irin nawa.

Af, ciwon baya lamba nawa ne? Wani abokina ke tambaya.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Maiwada